Babu Mai Sa wa Terauchi-san Hannu

Shekara goma sha tara na yi ina kwashe kashin kyanwa a ƙarƙashin Terauchi-san, ban taɓa jin ta ce min sannu ba. Ba ƙorafi nake yi ba, ita ma babu wanda ya taɓa ce mata. Na faɗa ne don a san irin matar da zan ba da labarinta, da yadda ta ƙare tsakaninta da muzuru ɗaya tilo da ta taɓa so ta riƙe wa kanta.

Asalinta mai dafa abinci ce a makarantar firamaren garinmu, shekara talatin tana juya tukunyar miya da ludayin da ya kusa kai ta tsawo. Mijinta ɗinkin tabarmar tatami yake yi a shagon da ke jikin gidansu. Da ya rasu sai ta share shagon, ta jera keji, ta shiga kwaso kyanwoyin da ke gararamba a bakin tashar masunta. Da biyar ta fara. Lokacin da na shigo, ina aikin gidan waya ina leƙowa Asabar da Lahadi, sun haura talatin. Wai na zo ne in taya ta na wata ɗaya. Hmm.

Aikin ba shi da wani daɗi, kada hotunan da ake gani su ruɗi kowa. Wanke keji ne, canza yashi, ɗura wa wannan magani, raba wancan da faɗa, gobe kuma a sake. Ga roƙo. Sau biyu a shekara muna baza gwanjo a harabar haikali, mutanen gari su kawo mana kwanukan da suka gaji da su, su dawo da rana su saye na maƙwabtansu. Muna buga kalanda mai hotunan kyanwoyi, wadda ba ta taɓa fitowa kafin Fabrairu ba. Terauchi-san kuwa ba ta iya roƙo ba sam. Takan tsaya riƙe da gwangwanin taimako fuska a murtuke, har sai na ce mata, "Haba, ki ɗan saki fuska mana, kina korar mana mutane." Ta ce ita haka aka haife ta.

Abin da aka fi saninta da shi a garin nan shi ne dokarta. Duk wanda ya haura sittin kuma yake zaune shi kaɗai, ba a ba shi kyanwa sai ya kawo wanda bai kai sittin ba ya sa hannu a ƙasan takarda, cewa in wani abu ya faru shi zai ɗauki dabbar. Da dalili ta kafa ta. A shekarunta na farko ta ba wani dattijo kyanwoyi biyu, mutumin kirki, ya rasu a ɗakinsa ba wanda ya sani sai bayan kwana tara. Ita aka kira ta shiga ta fito da su. Ɗaya kawai ta fito da ita da rai. Tun daga ranar ba ta ɗaga wa kowa ƙafa ba. An zage ta, an kira ta marar tausayi, akwai tsohuwar da ta zauna a bakin ƙofarmu da sandarta ta yi ta kuka. Terauchi-san ta haɗa mata shayi, ta raka ta har tashar bas, amma kyanwa ba ta ba ta ba.

Shi kuwa muzurun, Tetsu sunansa. Baƙi ne, ido ɗaya, kunne a yanke irin na waɗanda aka yi wa fiɗar hana haihuwa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a shagon. Duk Lahadin farkon wata muna buɗe ƙofa masu neman riƙo su zo su zaɓa, kuma duk ranar kejin Tetsu a can ƙasa yake, a lungu, da tawul rufe da rabinsa. In wani ya durƙusa ya leƙa sai ka ji ta daga nesa: "Wannan yana cizo." Cizo da me? Haƙoransa huɗu suka rage. Mun sani, ta san mun sani, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. Da rana in ta zauna cin curin shinkafarta, a cinyarta yake kwanciya.

Bara da kaka ta zame a bakin shago ɗauke da buhun yashi, ta karye a ƙugu. Shekararta saba'in da shida. Ta fito asibiti da keken dogarawa, ɗanta Noboru ya zo daga Osaka ya ce ya isa haka, za a sayar da gidan da shagon, ya samar mata ɗan ɗaki a hawa na ƙasa kusa da asibiti. Ba ta yi musu ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Mu huɗu masu taya ta babu mai ƙarfin ɗaukar wurin. Aka ce kafin ƙarshen Maris kowace kyanwa ta samu gida. Muka yi ta buga waya, muka yi ta roƙo har muryata ta dushe. Wasu aka ɗauka, wasu wani gidan kyanwoyi a birni ya karɓa. Sabon ɗakinta an yarda a ajiye dabba ɗaya, don haka ba wanda ya damu da batun Tetsu.

Wata safiya ina wanke kwanukan abinci sai ta turo min takarda a kan tebur.

"Mene ne kuma wannan?"

"Ba ki iya karatu ba ne? Takardar neman riƙo."

Ta cike ta tsaf da kyakkyawan rubutunta, sunanta, shekarunta, sunan Tetsu. Na ce, "Terauchi-san, ɗauki muzurunki ki tafi. Wa zai tambaye ki?"

"Duba layin ƙasa."

Layin ƙasa babu komai. Ta riga ta tambayi Noboru. 'Yarsa tana da asma, gidan da suke haya kuma an hana dabbobi. Ya ba ta haƙuri sosai, ba mugun ɗa ba ne. Na goge hannuna a zani na ɗauki biro.

"Nagashima-san, shekarunki nawa?"

Na kai biron kan layin.

"Sittin da shida kika cika a watan Mayu. Ni na sayo miki kek. Ajiye biron."

Ƙaramarmu a cikin masu taimako, Ochi-san, sittin da uku gare ta. Duk mun tsufa a cikin warin wurin nan ba mu lura ba. Raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba.

"Ke kika kafa dokar nan, ke za ki sauke ta! Wane irin taurin kai ne wannan?"

"Mutum nawa na kora da ita? Kin tuna matar nan mai sanda? Kowace Talata muna haɗuwa a layin likitan ƙashi. In na ɗauke shi, da wane ido zan kalle ta?"

"To sai me? Ki kalle ta da idon da kike kallon kowa."

"In na faɗi a banɗaki fa? Kwana nawa kafin a buɗe ƙofa?"

Na koma kan kwanukana ina wankewa da ƙarfi har na fasa ɗaya.

Lahadin ƙarshe ta sa muka ɗora kejin Tetsu a kan tebur na gaba, babu tawul. Ta zauna a gefe. Ni a raina ina cewa wa zai ɗauki tsohon muzuru mai ido ɗaya, in ba a ɗauka ba dole ta tafi da shi. Sai ga wasu mata da miji, Shiraishi, ba su wuce talatin da biyar ba, shi yana aiki a jirgin fito, ita a kantin magani. Matar ta ce su tsoho suke so, wanda ba zai hau labule ba. Ta miƙa yatsa, munafukin ya shinshina ya goga mata kai. Na ji kamar in make shi.

A tsarinmu ba a tafiya da kyanwa daga shago. Mu ne muke kai ta har gida, mu duba wurin, in akwai abin da bai yi ba mu dawo da abarmu. Na tuƙa, ita tana baya rungume da kejin. Awa guda cur ta yi tana zagaye gidan mutanen nan da keken dogarawarta. Ta jijjiga ragar kowace taga. Ta leƙa baranda, ta buɗe murfin injin wanki, ta tambayi sunan kowane furen da ke tukunya. Ta sa mijin ya buɗe ƙofar waje ya rufe sau uku tana kallon shingen da suka kafa. Ni na san abin da take nema, kuma ina taya ta nema. Ba mu samu ba. Yaran nan sun shirya komai, har tabarma mai ɗumi sun saya masa. Tetsu ya shige ƙarƙashin kujera ya ƙi fitowa, ita kuma ba za ta iya durƙusawa ba. A hanyar dawowa abin da kawai ta ce shi ne ina taka birki kamar mai koyo.

Saura gwajin mako biyu. In dabba ta ƙi ci ko ta ƙi sabawa, a dawo da ita. Kullum Terauchi-san sai ta zo shagon da babu kowa ta sake wanke kejin da aka riga aka wanke, ni kuma in zo in zauna don kada ta faɗi. Na gaji, ita ma ta gaji.

Rana ta sha huɗu da la'asar waya ta yi ƙara. Ta nuna min ita da haɓa. Matar Shiraishi ce, muryarta cike da murna.

"Yana ci?" in ji Terauchi-san.

Na tambaya. "Yana ci. Wai har a ƙafafunsu yake kwana."

Ta kalli tebur. "Tambaye ta ko ya nemi wani."

Na tambaya, na saurara, na yi godiya na ajiye wayar. Na so in ƙara mata, wallahi na so, amma ba a yi wa matar nan ƙarya.

"Ta ce kwana uku ya yi yana kuka a bakin ƙofa. Daga nan ya daina."

"Kwana uku," ta ce. Ta jawo takardar da za ta mallaka wa su Shiraishi shi gaba ɗaya, ta lalubo hatiminta a jaka, na riƙe mata takardar.

"Ai ya yi ƙoƙari," ta ce, ta danna hatimin.