Matar da Kuka Ce Tana Hana Ruwa

Kun gan ta. Kada wanda ya ce bai gan ta ba. Kowace safiya, tun 'yan kasuwar Maourey ba su gama shimfiɗa kaya ba, takan wuce ta gabanku: gajeriyar dattijuwa da farin kallabi, kwano rufe a ka, madubi da cokali ƙulle a bakin zane. Ku gaishe ta a fuska, in ta ba da baya ku zunguri juna ku ce, "Ga Hana-Ruwa nan." Sunan da kuka laƙaba wa Inna Tabawa ke nan. Kun laƙaba, kun kau da kai, ba wanda ya taɓa bin ta ya ga abin da take yi a ɗan ɗakin nan na bayan gidan likita. To, yau za ku ji, ko kuna so ko ba ku so.

In ta isa, wuta take fara hurawa. Ta dama kunu kala-kala, wani da kauri har cokali ya tsaya, wani da ɗan ruwa-ruwa. Sannan ta bi mutanenta: wanda ɓarin jikinsa ya shanye, yarinyar da sanƙarau ya bari ba magana, magidancin da i'ina ta hana shi ciniki. Ta tayar da majinyaci zaune, ta sunkuyar masa da haɓa, ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa, ta yi shiru har ta ji haɗiyar ta wuce. Mai koyon magana kuma ta sa masa madubi, su yi ta murɗa leɓɓa tare kamar masu gatsine.

Ba daga sama ta faɗo da wannan sani ba. Zamanin Nasara ta fara da wankin bandeji, ta zama mai jinya, ta yi shekarun annoba a Tawa, ta yi unguwarzoma har ta laƙanci yadda jinjiri ke haɗa tsotso da numfashi. Daga baya aka tura ta Dakar wajen likitan maƙogwaro. Can ta tarar da wata mata wadda aikinta ke nan kacokan, koya wa mutane haɗiya da magana, ta liƙe mata har ta ɗauko hannu. Ta dawo ƙasar da aikin bai ko da suna. Mun sami tuta, mun sami take, mun cika buro-buro, ofisoshin gwamnati, da masu takalma, amma har yau ba a san gurbin da za a sa Tabawa ba.

Ku tambayi Balki, matar Idrisa ɗan kamasho. Kun san Idrisa, wanda in ya yi kiran mota a tasha har bakin kogi ana ji. Bana da bazara ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, murya ta tafi. Dangi suka cika ɗaki. Yayarsa Habsatu ta zo da ƙwaryar rubutu, ta tallafo kansa yana kwance, ta kai ludayi bakinsa. Sai hannu ya riƙe ludayin.

"Ajiye, Habsatu," in ji Tabawa.

"Inna, rubutu ne fa! Ko maƙiyi ba a hana shi ruwa, balle ɗan'uwana ciki ɗaya."

"Kin ba shi jiya?"

"Na ba shi mana."

"Ya yi tari?"

"Ya ƙware kaɗan. Shaiɗan ne ke fita."

"Shaiɗan bai fita ba, ruwa ne ya shiga. Ƙofa biyu ce a wuyan nan, ta ciki da ta huhu, mai gadin kuwa ciwo ya kwantar da shi. Ki ba shi yau, ki ba shi gobe, jibi zazzaɓi ya zo, ranar Juma'a ki zauna kina karɓar gaisuwa kina cewa kwana ya ƙare."

Habsatu ta tafa hannu ta juya ga mata. "Ku ji mini tsohuwa! Ta je Dakar ta dawo ta fi malam."

"Ni wa? Ban fi malam ba, 'yar nan. Miƙo ƙwaryar."

Ta karɓi rubutun, ta dama shi da garin gero har ya yi kauri, ta tayar da Idrisa zaune, ta ba shi rabin cokali da bismilla. Maƙogwaro ya hau, ya sauka, ba tari. Ya sha rubutunsa tas, bai rasa albarkar ba, bai rasa ransa ba.

Wannan ce matar da kuke zagi. Yanzu ku tuna naku. Iyaye nawa muka tallafo suna kwance, muka ɗura musu koko da ruwan fura, kowane mai dubiya da nasa ludayi don kada a ce bai nuna tausayi ba? Suna tari muna cewa sannu. Suka mutu muka ce ƙaddara. Allah ne ke kashewa, gaskiya ne, amma ludayin a hannun wa yake?

Saura magana. Idrisa ya yi makonni yana kallon Balki, sunanta na cikin kansa, baki ya ƙi. Tabawa ta lura in mota ta yi ƙaho yakan motsa leɓe. Sai ta sa aka ɗora shi a amalanken jaki, ta kai shi tasha, ta tsaya kusa da kunnensa, ita da furfurarta, ta ɗaga murya: "Dosso! Dutsi! Ƙwanni!" Ta yi shiru. Direbobi na dariya. Ta sake, ta yi shiru. A karo na gaba wata murya kamar ta tsohuwar ƙofa ta ƙarasa: "Ma-ra-ɗi." Dariya ta ɗauke. Daga sunayen garuruwan nan ta riƙa jawo masa sauran kalmomi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zare ƙaya.

"Shekara da shekaru ina masa tuwo," in ji Balki tana dariya tana share ido, "da bakin ya buɗe Maraɗi ya fara kira. Ni sai bayan Damagaram aka iso kaina."

Inna Tabawa, ke ce kika karɓi zagi don wani ya kwana da rai. Ke ce mai haƙurin jiran haɗiya ɗaya kamar mai jiran haihuwa. Mun gode, kuma muna jin kunya. Allah ya saka miki da abin da muka kasa.

Amma godiya ba ta damun kunu. Da kaka Tabawa za ta ajiye aiki, ƙafafu sun gaji, ido ya rage. An ce ɗakinta mangaza za a mai da shi, wurin ajiyar kaya. Ba ta da magaji, don duk wanda ya gama lakwal, ya yi boko, kujera yake nema da fanka bisa kai, ba ya son goge yawun wani. Idrisa kuwa har yanzu bai iya shan ruwa tsurarsa ba, kuma Habsatu ba ta yar da ludayinta ba.

Na iso kanka, mai karatu. Kana da 'ya ko ƙane da ya iya karatu yana zaune yana jiran buro. Ka kama hannunsa gobe da safe, ka tsaya bakin kasuwar Maourey. In dattijuwar nan mai farin kallabi ta zo wucewa, kada ka zunguri kowa. Ka kira ta da sunanta, ka sauke mata kwanon, ka ɗora wa naka a ka, ka ce, "Inna Tabawa, ga shi, koya masa." Ka yi kafin kaka. Wuyan da za a tallafo nan gaba, wataƙila naka ne.