Maganar Da Na Hana Malama Rekiya Ƙarasawa

Ranar Talata, sha biyu ga watan Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran Malama Rekiya Yari a gidanta da ke Kaura Namoda, bayan jinyar kusan wata guda. Na Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. An yi mata sutura bayan la'asar. Ta bar mijinta, Malam Tambari, da 'ya'ya biyar da jikoki, da kuma yara arba'in da uku na ajin naziri, wato ajin share fagen shiga firamare, da take koyarwa. Ɗaya daga cikin yaran nan ɗiyata ce, Salima, mai shekara biyar da wata bakwai.

Malama, gyaran injin ban-ruwa ne sana'ata, ba rubutu ba. Amma tun ina saurayi nake da ɗabi'ar rubuta abin da ya faru a yini cikin ɗan littafi, kuma da na buɗe na bana sai na tarar sunanki ya fi na kowa yawa a ciki. Daga nan na ɗebo abin da zan faɗa, don kada in ƙara miki abin da ba ki yi ba, ko in rage.

Shekara uku ke nan da muka baro ƙauyenmu na wajen Birnin Tsaba, lokacin da zama ya gagara. Muka kama ɗaki biyu a layinku ba mu san kowa ba. Washegari kika shigo wurin matata Tasalla da tulu da tabarma, kika ce an bar miki su ne suna tare miki hanya. Daga baya muka gane sababbi ne. Haka kike kyauta, sai kin fara ɓata sunan abin don kada mai karɓa ya ji nauyi. Na sha ganinki da damina kin naɗe zane kina tsallakar da yara kwatar bakin makaranta ɗaya bayan ɗaya, kina yi musu faɗan takalma. A jakarki kullum akwai ɗan wando na ajiya saboda yaron da fitsari ya kufce wa, kuma ba a taɓa jin sunan wanda ya sa shi ba.

Da Salima ta shiga ajinki bara, ban kawo komai a raina ba. Yayyenta uku duk sun ɗauki karatu da wuri. Cikin mako shida ta dawo gida tana rera haruffa daga farko har ƙarshe, tana ƙirga ɗaya zuwa ashirin ba ta tuntuɓe. Na rubuta a littafina ranar: "Salima ta iya haruffa." Har baƙi nake kira mata, ta tsaya ta rera, a ce tubarkalla.

Ke ce kika aiko a kira ni, a farkon zango na biyu. Bayan an tashi yara kika zaunar da ita a tabarma, kika juye wani kwano cike da guntayen kwali, kowane da harafi ɗaya a jiki. Kika ɗauko ɗaya daga tsakiya kika nuna mata. Ta dube shi, ta dube ni, sai ta fara rerawa daga farko. Kika ɗauko wani. Ta sake farawa daga farko. Sau bakwai na ƙirga. A na takwas sai ta sa gefen hijabinta a baki.

Na ce, "Malama, ai a gida tana yi."

Kika ce, "Baban Salima, waƙa taka yi. In aji ya ɗauka baki ɗaya, wa ka iya gane wanda ya sani da wanda ke bin iska? Ni ma sai da ta ruɗe ni zango guda."

Kunya ta kama ni, kuma da kunyar ta rasa wurin zuwa sai ta koma fushi. Na daka wa yarinyar tsawa. Kika ɗaga mini hannu kika ce, "In injin ya ƙi tashi, dukansa kaka yi?" Na ce a'a. Kika ce, "To wagga ma buɗe ta za mu yi a hankali, mu ga inda ya toshe." Kika nemi in bar miki ita har ƙarshen zango na uku, sannan ki faɗa mini abin da kika gani, ko mai daɗi ko marar daɗi.

Daga ranar, kullum bayan tashi kina riƙe ta rabin awa. Kikan zuba yashi a faranti tana jan harafi da yatsa. Kikan kwaɓa laka kuna murza haruffa kuna shanyawa a taga. Wani lokaci ki rubuta mata a tafin hannu da ɗan yatsanki, ki rufe hannun, ki ce ta kai gida kada ya zube. Haruffa uku kacal kika ba ta, kika ce kada mu ƙara. Ni kuma ina gwada ta kowace Alhamis da Litinin ina rubutawa. Ranar Alhamis ta kan gane biyu, wani lokaci duka ukun. Ranar Litinin babu ko ɗaya. Mako goma sha huɗu a jere abin da littafina ya nuna ke nan, in ban da mako guda a watan Mayu da harafi ɗaya ya kwana da ita har Talata. Ranar kin aiko mata da dafaffen ƙwai.

Ba haruffa kaɗai ba ne. In aka aike ta abu biyu, ɗaya take kawowa. Har yanzu ja da kore suna rikice mata. Amma ta san awakin layinmu ɗaya bayan ɗaya da gidan da kowace take, kuma in Tasalla ta ɓatar da allura ita ke gano ta. Wannan ne ke hana ni samun matsaya. Na jera dalilai kamar yadda nake jera sassan inji. Akwai zazzaɓin da ya sa ta jijjiga tana shekara biyu, muka kwana biyu ba mu kai ta asibiti ba saboda hanya ba ta biyuwa. Akwai ranar da muka gudo, tana goye, ana harbi a bayanmu. Akwai wani ƙanen mahaifina da ya tsufa bai iya haɗa baƙi ba. Ban san wanne ne ba, kuma a biyu daga cikin ukun ina ganin hannuna.

Mutane ba su rage mu da shawara ba. Innata ta ce wayo ne bai zo ba, a ƙyale ta. An ba mu rubutu ta sha, mun ba ta. Wani ma'aikacin lafiya ya duba idonta da kunnenta ya ce lafiya lau, masu gane irin wannan kuwa sai Sakkwato ko Zariya, bai kuma san sunan ko ɗaya ba. Ke kaɗai ce ba ki yi saurin sa wa abin suna ba. Da na matsa miki a watan Yuni kika ce, "Na fara ganin wani abu, amma ban son in faɗi rabi. Ka bari zango ya ƙare."

Saura mako biyu a rufe makaranta ciwo ya kwantar da ke. Ranar Juma'a, ɗaya ga Agusta, muka zo dubiya ni da Tasalla. Kin rame ƙwarai, muryarki ta yi ƙasa. Bayan gaisuwa kika yunƙura kika ce, "Baban Salima, maganar ɗiyar nan taka..."

Na tare ki. Na ce, "Haba Malama, ki bari sai kin samu sauƙi. Ba wannan ya kawo mu ba."

Kika ce, "To, Allah Shi kai mu."

Haka aka tarbiyyantar da mu: ba a zuwa gaishe da marar lafiya a ɗora masa buƙata. Na fito ina ganin na yi abin da ya dace. Kwana goma sha ɗaya bayan nan kika rasu. Tun daga ranar nake juya abin. Ke da kanki kika ɗauko maganar, da ɗan ƙarfin da ya rage miki. Wataƙila kin san abin da ban sani ba game da jikinki. Karar da na yi miki, yanzu ban san ko ke na yi wa ba ko kaina, don ina tsoron abin da za ki faɗa.

Ranar addu'ar uku na jira mutane suka ragu, na tambayi Malam Tambari ko kin bar wani rubutu a kan yaran ajinki. Ya sa aka duba jakarki. Rijista ce kawai da alli da kwanon nan. Ya ce, "Ita komi a ka take riƙe shi. Ta dai sha ambaton wata yarinya, tana cewa akwai abin da za ta gaya wa ubanta kafin a kai ta aji ɗaya. Wallahi Malam Murtala ban riƙe ba. Ban san abu ne da za a nema ba." Ya fara ba ni haƙuri, shi da aka yi wa rasuwa. Na rasa inda zan sa kaina.

Za a koma makaranta a watan gobe. An ce ba a samu wanda zai maye gurbinki ba, don haka 'yan ajinki duka za a wuce da su aji ɗaya, inda yara suka haura saba'in a hannun malami guda. Na je na roƙi a bar Salima ta maimaita, aka ce babu ajin da za ta maimaita a ciki. Na gwada farantin yashi a gida sau huɗu. Tana zama don ta faranta mini, tana kallon fuskata maimakon yashin, ni kuma ban san abin da ya kamata in lura da shi ba. Zan kai ta ranar da aka buɗe, don ba ni da wani wurin kai ta. Na ɗinka mata sabon yunifom. Iyakar abin da na iya ke nan.

Malama, ki yafe mini katse ki da na yi. Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa haƙurin da kika yi da 'ya'yan mutane ya tsaya miki ranar da babu mai tsaya wa wani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Tambari, da 'ya'yanki da jikokinki, da 'yan'uwanki na Shinkafi, da iyayen yaran ajinki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Ita kuma Salima, Allah Ya haɗa ta da wanda zai zauna da ita ya duba, ko da ba ni da labarin inda yake. Amin.

Murtala Hassan
Kaura Namoda