Abin da Ya Rage a Wutsiyar Kaset

A gidanmu ni ce 'yar aike tun ina ƙarama, kuma har yau da furfura ta fara leƙo mini ba a sauke ni daga muƙamin ba. Dalili kuwa, mazan gidanmu ba sa iya magana da 'ya'yansu na fari. Baba yana kunyar Yaya, ba ya kiran sunansa, sai dai "wancan". Da Yaya ya tashi ya haifi nasa ɗan, sai ya ɗora daga inda Baba ya tsaya. Duk maganar da ya kamata ta wuce tsakanin uba da ɗa, ta kaina take biyowa.

Ni ce mai naɗe wa Yaya kaset da biro lokacin da muke yara a Gozaki, don batir yana da tsada, ba a ɓata shi wajen mayar da waƙa baya. Wani hutu ne ya dawo daga makarantar kwana a Malumfashi da kiɗan da ba mu taɓa ji ba, ga ƙaton wando kamar buhu, ga hula ta kalli baya. Ya ce sunan abin hip-hop. Mutanen gari suka ce gambarar zamani. Baba ya ce haushin kare. Ni kuwa na kamu tun ranar farko. Ban san abin da mawaƙan suke faɗa ba, amma ina jin dukan gangar a ƙirjina, in ina daka sai in tarar taɓaryata ta bi shi.

Baba yana da wani kaset guda ɗaya da yake ji da shi. A ƙuruciyarsa manomi ne na ji da faɗa, irin wanda in an kira gayya ake tambaya ko zai zo. A wata gayya a Ƙarfi ya tsere wa kowa a huɗa, mai gangar noma ya bi shi a baya yana kaɗa masa take nasa shi kaɗai, wani malamin gona mai rikoda ya ɗauka ya ba shi kyauta. Makaɗin ya daɗe da rasuwa. Kaset ɗin kuma ba rubutu a jikinsa. Ran nan Baba ya sa wa wani baƙo, ya manta shi a kan taga. Yaya yana ta neman inda zai ɗauki waƙar da ya tsara da Hausa, ya gan shi, ya zaci tsohon kaset ne da ba mai so. Ya toshe 'yan ramukan da ke samansa da takarda, ya danna jan maɓalli.

Baba bai dake shi ba, da ma ya dake shi da an wuce wurin. Ya kunna kaset, ya ji muryar Yaya a gurbin takensa, ya kashe tun bai kai ƙarshen layin farko ba, ya wullo shi tsakar gida. Ya ce mini, "Faɗa wa wancan ya kwashe haushinshi." Na tsince shi na ɓoye a cikin kayana, ya bi ni har ɗakin aurena a Funtua. Baba bai sake ta da maganar ba, kuma bai taɓa jin abin da waƙar ta ce ba.

To, yau ga Yaya da tumbi da gemu mai ratsin fari, yana sayar da taki da maganin feshi a Funtua. A ƙofar shagonsa abokansa na da suke majalisa, kuma in kana son ganin tsofaffin da ba su yarda sun tsufa ba, ka biya ta wurin da la'asar. Hirarsu ɗaya ce: hip-hop ya mutu. Na gaskiya shi ne na zamaninsu, mai kalmomi da ma'ana, wanda mawaƙi zai yi ta zubo magana ba ya haki. Na yaran yanzu kuwa, a cewar Yaya, murya ce aka tura cikin inji ta fito kamar sauro a kwalba. Ba ya saurara kafin ya yanke hukunci. Da ya ji sautin ya taso daga wayar wani ɗan acaɓa, zai yamutsa fuska. Fuskar nan na san ta, ta Baba ce sak, har da yadda yake taɓe leɓen ƙasa.

Kada a ce na goyi bayan yara, su ma kansu a kulle yake. Ɗan Yaya na fari, saurayi ne yanzu mai tsawo da rashin haƙuri, ya taɓa ce mini waƙoƙin zamaninmu kamar labaran rediyo suke, mutum ya yi ta surutu ba inda za ka taka. Su Yaya "'yan kaset" yake ce musu a bayan idonsu. Shi a waya yake haɗa nasa kiɗan, ya ƙarasa a wani ɗan situdiyo da ke bayan shagon tela. Abin da ke ba ni haushi shi ne abu ɗaya suke so, uban da ɗan, kamar hauka, amma ba su taɓa zama sun ji waƙa ɗaya tare ba.

Wata rana yaron ya zo gaishe ni ina kakkaɓe kaya, ya ga kaset ɗin.

"Goggo, wannan kayan tarihin fa?"

"Ubanka ne a ciki," na ce.

Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya tafi da shi. Ya samo wani tsohon mai gyaran rediyo ya juye masa a waya. Da ya dawo ba dariya a fuskarsa. Ya ce, "Goggo, ashe Abba ya iya. Kuma ji nan." Ya matsar da sautin can ƙarshe. Ashe waƙar Yaya ta ƙare kafin zaren ya ƙare. A wutsiyar kaset ɗin ga gangar noma nan tana tashi, 'yar kaɗan, ba ta fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba, sai wata guɗa daga nesa, sai shiru. Ni da na ajiye abin shekara da shekaru ban taɓa bari ya kai nan ba.

A kan wannan guntun gangar ya gina waƙarsa. Ya yanko ta ya yi ta maimaita ta, ya ɗora muryar ubansa tun tana ɗanya, sannan ya shigo da tasa, ta cikin injin nan da Yaya ya tsana. Ya turo mini, ya ce, "Goggo, ki sa ya ji. Sau ɗaya kawai. Ko zagi ne ya yi, ni dai ya ji."

Na kai wa Yaya a shago. Tun ban danna ba ya ɗaga hannu.

"In irin ta injin nan ce, ki bar ni da ita."

"Muryarka ce a ciki, Yaya."

Nan ya miƙe tsaye. "Muryata? Wa ya ba shi izinin taɓa mini abu?"

"Kai wa ya ba ka izini ranar da ka hau kan taken Baba?"

Yaya ya juya yana gyara jerin kwalaben feshi da ba abin da ya same su. Na yi ta zarya bayan nan, yau in je gidansa, gobe shago, ko zama na kasa yi a ɗakina. Yaron yana tambayata da ido, ni ina ce masa ya ƙara haƙuri. Har haƙurin ya ƙare. Wani abokinsa ya samo masa wuri a wani situdiyo a Kaduna, ya shiga motar safe ya tafi. Sallamar ma ni na kai wa ubansa.

Da kaka, bayan an karya masara, na ce wa Yaya ya kai ni Gozaki in duba Baba. Muna isa ya shiga ya durƙusa ya gaida shi, gaisuwar nan tasu da ba ta wuce lafiya lau ba, ya fice ya hau babur ya tayar, wai yana ɗumama inji. Ya san abin da na zo yi.

Baba ya tsufa, ido ya yi rauni, amma kunne garau. Na ce masa jikansa ne ya yi waƙa. Jika kuwa ba kunya tsakaninsu, abokin wasa ne.

"Ja'irin nan? Sa in ji ƙaryar da ya shirya."

Gangar tana tashi ya daina motsi. Na ga yatsunsa sun fara bin ta a kan gwiwa. Bai tambayi inda aka samo ta ba. Sai muryar ta shigo, siririya, ta yaro mai gaggawa.

"Wannan kuma wane ne?"

"Yaya ne, Baba. Waƙar nan ce ta kaset ɗinka."

"Mi yake cewa? Maida baya."

Na mayar. Muryar tana cewa tafin hannun babana ya tsage kamar fadama da rani, taki ya yi tsada bai fasa sammako ba, in ana neman namiji a zo gonarmu a gani. Baba ya sunkuyar da kai. Ni kuwa kuka nake, ban ma ɓoye ba. Da waƙar ta ƙare ya ce, "Kira min wancan."

Yaya ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, babur yana ta kuka a waje.

Baba bai dube shi ba, bango ya duba. Ya ce, "A kashe babur ɗin nan. Ni sai da ido ya tafi sannan na ji taka waƙar. Kai mi kake jira ya tafi?"

A iya sanina, ranar ce ya fara ce wa Yaya "kai".

Yaya ya fita ya kashe, ya dawo ya zauna a dokin ƙofa. Na sa waƙar daga farko. Ya ji ta har ƙarshe, har wurin da muryar ɗansa ta shigo ta cikin inji tana amsa tasa layi bayan layi. Na zuba wa leɓensa ido ina jiran ya taɓe, bai taɓe ba.

A hanyar komawa muka hango fitilun kan titin Funtua ba a kunna su ba tukuna. Yaya ya ɗan juyo da kai, iska tana kwashe rabin maganar.

"Ki ce wa yaron nan gangar ta yi ƙasa a tsakiya. Ya ɗaga ta."

"Kana da lambarsa, Yaya."

"Ke dai ki faɗa masa."

"Wallahi ba zan faɗa ba."

Kuma ban faɗa ba. Yaron yana kirana daga Kaduna, muna hira, in ya zo ƙarshe sai ya ce, "Goggo, ba wani labari?" Maganar tana zuwa har bakina, tana ƙona ni, in haɗiye ta. Na san daɗin da zai ji. Amma na kai saƙon Baba ga Yaya tun ina yarinya, na ga abin da ya haifar, wannan kam sai mai shi ya kai da bakinsa. Jiya na wuce ta shagon, na hango Yaya shi kaɗai, waya a hannu, yana kallonta kamar wanda aka ba garwashi ya riƙe.