Mamman Ƙafa-sama da tseren da na baya ke ci

Shekara goma sha uku ke nan da rasuwar yayana Mamman, bakaniken babur a Ƙaura Namoda, wanda gari ya sani da Ƙafa-sama. Kowa ya ɗauka a kan babur zai cika. Ciwon ciki ya ɗauke shi, kwance a tabarmarsa. Allah ya jiƙansa.

Ni a aji huɗu na tsaya, faci ne sana'ata, ba rubutu ba. Ɗiyarsa Rabi ce ta sa na ɗauki biro. Malamar makaranta ce yanzu. Watan jiya ta zo gida, ta ga tsohon babur ɗin ubanta da na lulluɓe da buhu a zaure, ta ce, "Baffa, don Allah ka fid da abin ga. Kuma ka bar gaya wa mutane Baba ya yi tseren babur. Ka san abin da ake tunani yanzu in an ce babur."

Na sani. Yau tsakanin Zurmi da Shinkafi, in aka ji ƙarar babura biyar tare, mata su suri 'ya'ya, maza su nemi hanya. 'Yan bindiga sun ɓata sunan ƙarfen nan. Amma ba su suka fara hawansa ba.

Iyayenmu da keke suka yi tsere bayan kaka. Da babur ya zo, muka gaji abin, ya rabu uku. Akwai na kwalta, a hanyar Shinkafi, gudu zalla. Mamman ya yi sau biyu ya bari, ya ce wannan ba gwaninta ba ce, rashin tsoron Allah ne. Akwai na rairayi, cikin kogin Gagare in ruwa ya janye, inda ake rage iskar taya don kada ta nutse. Na uku shi ne namu, tseren sannu. A ja layi biyu, taku talatin tsakani. Wanda ya iso ƙarshe shi ya ci. Ƙafarka ta taɓa ƙasa, ko babur ya mutu, ka fita.

A nan Mamman ya samu sunansa. Yatsu biyu kan kuloci, ƙafa kan birkin baya, babur na rawa a wuri ɗaya kamar an kafe shi. Abokai su yi ta tsiya, "Mamman, a dama maka fura ko sai ka iso?" Shi ko ya ce, "Ku dama, ina tahe."

Yanzu ana nuna mini a waya Turawa na kwanciya a kwana har gwiwa ta shari ƙasa, wasu na tsallake tudun yashi, wasu na keta hamada kwana da kwanaki. Sun iya, ban hana su ba. Na san abin da Mamman zai ce: su tsaya cak mu gani. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai ji in ya ga ɗiyarsa na jin kunyar babur ɗinsa.

Laifin ba nata ba ne. Rabi 'yar fari ce. Mamman bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama hira da ita ba, kunya ta hana. Don haka bai gaya mata ba, mu ma muka yi shiru, har ranar nan da na zaunar da ita.

Ga abin da na gaya mata. Da cikinta ya tsufa, innarta ta tafi haihuwa gidan iyayenta, wani ƙauye bayan Kasuwar Daji, tsakiyar damina. Naƙuda ta yi tsanani da hantsi, ungozoma ta ce sai asibiti. Mota ba ta shiga, hanya laka ce da ramuka. Aka aza ta bayan Mamman, gwaggonta ta zauna ta rungume ta. Ungozoma ta ce, "In ka girgiza ta, alhakin rai biyu na wuyanka."

Ina biye da shi a nawa babur, sau uku na faɗi. Shi ko ya tafi yadda yake tafiya tsakanin layin nan biyu, yana lallaɓa kowane rami, ƙafa sama, mutum uku a kan taya biyu, har muka hau kwalta. Ana kiran azahar aka haifi Rabi a Ƙaura.

Nan na gama ba Rabi labarin. Ta tashi ta yaye buhun, ta share kujerar da bakin hijabinta. Can ta ce, "Baffa, taya ta sace. Kai da kake faci, ka bar shi haka?"

Mamman bai bar kofi ba, bai bar hoto a kan babur ba, filin da muke ja layi ma an gine shi. Ya bar mace mai koyar da 'ya'yan mutane karatu. Babur ɗin kuwa na yi masa faci, na ba shi iska, na jingine shi bakin zaure ba buhu. Duk wanda ya tambaya na wane ne, in Rabi tana gida, ita ke riga ni ba da amsa.