Uwar Randa Ba Ta Kwana a Ɗaki

Ranar da na fara jin labarin Uwar Randa, waɗanda ke wurin su ne ni, da yayata Hajara, da Modu ɗan kawunmu, da Ya Falmata maƙwabciyarmu da ta shigo ɗiban wuta ta zauna, sai Kaka da kanta. Duk sun rasu, ni kaɗai na rage. Don haka idan na ce ga yadda labarin yake, babu mai hurumin gyara mini.

A gidanmu na Hausari ne, bayan an sauke tuwo, garwashi bai mutu ba. Kaka ba ta buɗe tatsuniya da wasa. Takan buga muciya a ƙasa ta ce, "Ga ta nan tafe, mai surutu ya koma ɗakin uwarsa." Hausarta da nauyin Barebari, amma ko Modu bai isa ya yi dariya ba.

Ta ce a wata ƙasa da ake kira Bayan Yashi, inda hadari ke wucewa bai tsaya ba, an yi wata maginiya da ƙishirwa ta kashe mata 'ya'ya a ƙofar wani gida, masu gidan suna ciki suna jin kukansu. Ba ta yi kuka ba. Ta tona yumɓu a wurin da suka faɗi, ta gina randa, ta kai bakin hanya, ta roƙi Allah kada wani ya sake mutuwa irin wannan mutuwar. Da gari ya waye randar ta cika, kuma ba ta ƙara ƙafewa ba. Sharaɗinta kuwa, ba a shigar da ita ɗaki, ba a tambayar mai sha sunansa ko garinsu.

Sai wani shugaban fatake ya ce zai kare ta daga ɓarayi. Ya gina mata ɗaki, ya sa ƙofa. Da ya kai moɗa bakinsa, yashi ya sha. Yashin bai daina malalowa ba har ya binne ɗakin, ya binne gidan, ya binne garin. Randar tana can bisa tudun yashi, tana jiran mai mayar da ita bakin hanya.

Hajara ta ce, "Kaka, ai don ya kare ta ne."

Kaka ta ce, "Kowane ɗan banza haka yake cewa. Tashi ki duba ta ƙofar gida, in babu ruwa ki zuba."

Muna da ita kuwa, baƙar randa a gindin dalbejiya, da moɗa a kai. Ranar kasuwa masu koro shanu su sha, 'yan ƙauye su sha, ba mu san su ba. Da aka kai ni gidan miji a Yerimaram na tafi da al'adar, na yi ta ba 'ya'ya da jikoki labarin yadda na ji shi.

Shekaranjiya bayan magariba, jikana Sadiƙ, wanda ya gama karatu a Kano, ya tara abokansa a zaure. Suna da wani wasa: wannan ya ce shi mayaƙi ne, wancan maharbi, su jefa ƙwayar lido, Sadiƙ yana tsara musu abin da ya faru kamar mai tatsuniya. Ban taɓa hana su ba, ya fi yawon titi. Amma kunnena yana wurin. Sai na ji ya ce, "Duk wanda ya samo Uwar Randa ya kai ta garunsa ya kulle, ruwan ƙasar ya zama nasa, maƙiyansa su mutu da ƙishirwa. Shi ya ci wasan."

Ban san lokacin da na ɗaga labule ba.

"Kai Sadiƙ, wa ya ba ka wannan?"

"Ke mana, Hajiya. Na ɗan gyara ne."

"Ka gyara? Matar ta binne 'ya'yanta, kai ka ɗauki randarta ka miƙa wa wanda ya rufe ƙofa, har ka ce ya ci?"

"Wasa ne fa, Hajiya. In ba a kulle ta ba, me za a yi faɗa a kai?"

"Ku yi faɗa da yashin mana! Ku ga wanda zai iya saukar da ita bakin hanya bai sha ba sai baƙo ya sha. Ko wannan ya fi ƙarfin jaruman naku?"

Abokan suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ce, a hankali, ba don rashin kunya ba, "To ai tamu ma tana ɗakin ajiya tun ina firamare."

Gaskiya ya faɗa. Ubansa Bukar ne ya ɗauke ta lokacin da ya mai da gaban gidan shago, ya ce kada magina su fasa, zai mayar. Na yi magana har na gaji, kullum "gobe, Hajiya". Ya sa firji yana sayar da fiya wata a daidai gurbinta. Yaron bai ƙirƙiri komai ba. Abin da ya tashi yana gani a ƙofar gidansu shi ya zuba a wasansa. Kaka ba don mu yi barci take ba da labarin ba. Shi ya sa kullum take rufe shi da aike, kuma labarin da aka cire masa aiken, kowa ma sai ya juya shi yadda ya so.

Da asuba na buɗe ɗakin ajiya, na mirgino ta, na wanke, na jefa saiwar jema, na girke ta jikin firjin Bukar, na cika ta da ruwa. Ya fito ya ce, "Hajiya, a nan? Ciniki fa?"

Na ce, "Taɓa ta mu gani."

Na jawo kujera na zauna. Wani mai Keke Napep ya tsaya, ya ɗaga moɗa ya shanye, ya ƙara. Bukar ya buɗe baki zai tambaye shi daga ina. Na dube shi, ya rufe.