Tukunyar Bawi

Tun daga damunar da mijina ya rasu har zuwa ƙarshen sanyi, kullum da safe sai in tarar da bokitin ruwan zafi a ƙofata. Maƙwabcina Pyo Man-sik ne ke ɗebo min daga tukunyar da yake dafa wa bijiminsa dusa da wake. Bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Tun yana saurayi karon bijimai ne sana'arsa. Na ƙarshensa shi ne Bawi, ja, mai tabo a goshi. A da, ranar karo kowa a ƙauyenmu yana samu: masu miya, masu giyar shinkafa, mai masauki, har ni da dafaffiyar masarata. Sai mutane suka koma shan kofi a birnin Daegu da kallon waya. Bencina suka zama fayau, masauki ya rufe, aka dinga miƙa bijimai ga mahauta. Man-sik ya rantse Bawi ba zai je ba. Amma in bai yi karo ba, ba abin ciyar da shi.

Aka damƙa filin karon ga wani matashi, Nam Gi-tae, wai zai jawo 'yan kallo ta waya.

"Baba, jini mutane ke so," in ji shi. "Wa zai tsaya kallon shanu suna shinshinar juna?"

"Kai da akuya ke kora?" in ji Man-sik. "Je ka share majinarka."

Ƙa'idarmu, bijimin da ya juya baya an gama, a buɗe masa ƙofa ya fita. Ba a kisa.

Ran nan aka haɗa Bawi, da tsufansa, da wani baƙin bijimi mai tashe. Kawuna suka gamu, ƙum, har cikin ƙirjina. Ƙaho ya tsaga kunnen Bawi, ya yage fatar wuyansa, yashi ya jiƙe. Bawi ya juya ya nufi ƙofa.

"Kar a buɗe!" Gi-tae ya daka tsawa. "Ɗaukar bidiyon ba ta yi tsawo ba!"

Baƙin ya cim masa, ya soke shi a cinya. Man-sik ya tsallake shinge, ya zabga wa baƙin igiya a hanci. Bijimin ya juyo kansa. Ina gani ƙahon ya shige ƙasan haƙarƙarinsa, ya ɗaga shi sama, ya maka shi da katako. Carbina ya tsinke a hannuna. Ba wanda ya sauke waya.

Bai kai asibiti ba. An ce karo na gaba bencina sun cika maƙil. Ban je ba.

Mahauci ya zo sau biyu, na kore shi. Bawi na bayan ɗakina yana ɗingishi, ni ke hura wutar tukunya kafin in tafi ɗakin ibada. Wata safiya ce can baya, yana juya dusa, Man-sik, wanda ke kiran mijina Yaya don girmamawa, ya ce min:

"Matar Yaya, in na riga Bawi tafiya, ki riƙe min shi. Kuma ki dafa masa. Ba ya cin ɗanye."