Abin da Na Yi wa Koci Bitrus

Yau shekara goma sha biyar ke nan da muka binne Koci Bitrus, kuma har yanzu ban faɗa wa kowa abin da na yi masa ba.

Tare muka yi aiki a sashen wasanni na wata kwaleji da ke bayan Sabon Tasha. Shi ke horar da 'yan gudu yana tsara ranakun gasa, ni ke riƙe da kuɗin sashen. Mutumin Filato ne, dogo, ba shi da yawan magana.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki aka naɗa mana sabon shugaban hukumar gudanarwa, ɗan siyasa. Ya ce a matso da gasar kwalejoji zuwa makon da za a yi masa liyafa, don baƙinsa su ga fili a cike. Makon jarrabawa ne. Kuɗin rumfuna da kujeru kuma daga na mota da abincin 'yan wasa za a cire.

A wurin taro Bitrus ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ɗalibin da ya faɗi jarrabawa, kofin gasa ba zai ba shi takardar shaida ba. Ni ba zan sa hannu ba."

Shugaba ya juyo wajena. "Ma'aji, lissafin mutumin nan daidai yake kuwa?"

Ina neman ƙarin girma a lokacin. Sai na ce akwai kuɗin takalman gudu da ban ga rasidinsu ba. Ban ce ya ci ba, na bar su suka ƙarasa da kansu. Kafin mako ya zagayo aka mayar da shi sito yana ƙirga ƙwallaye, har ya yi ritaya. Rasidin kuwa yana cikin aljihun teburina. Na gan shi bayan kwana uku, na mayar na kulle.

Yanzu an zagaye filin da katanga, an yi masa fenti, amma sai lokacin yaƙin neman zaɓe yake cika. Da Bitrus zai gani, ba na jin zai yi mamaki. Tambaya ɗaya zai yi: yaran sun ci abinci?

Ranar ta'aziyya a gidansa na Kamazou, matarsa, Mama Laraba, ta kama hannuna. "Ma'aji, kai kaɗai ne bai taɓa zargi ba. Kullum cewa yake, kowa na iya ɓatar da takarda." Na sunkuyar da kai, ta ɗauka kuka nake.

'Yan gudunsa da dama malamai ne yanzu, kuma an ce ba wanda ya isa ya sa musu gasa a makon jarrabawa. Wannan nasa ne. Ni na samu ƙarin girman, ina cin fanshon muƙamin.

Ku 'ya'yan Bitrus, in jaridar nan ta iso hannunku: mahaifinku bai ci ko kwabo ba. Ni na ɓata masa suna.